Kafin in zuba jaman fulo: ina ruwan damina zai bi?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, don Allah masu sani a taimaka. Ina da fili a bayan Millennium City a Kaduna, ƙafa 50 da 100, ina gina ɗaki uku da falo da kaɗan-kaɗan, yadda albashi ya ba da hali. An haƙa fandisho, an ja bulo layi uku, magini yana jira in kawo marmara a yi ciko a zuba jaman fulo, wato kankaren daɓen ƙasan gini. Abin da ya tsayar da ni, ranar Asabar na tsaya a bakin hanya na ƙare wa filin kallo, sai na ga kamar ya gangara ta baya, wajen katangar maƙwabcina. Hanyar kuma har yanzu ta ƙasa ce, babu kwata, ruwa yana bin inda ya ga dama. Na biyu, babu famfo a layinmu, rijiyoyin maƙwabta suna ja baya daga watan Maris, sai a koma ga 'yan garuwa. Ina so in riƙa tara ruwan rufi. Wane irin tanki zai ishe ni, kuma a ina ya kamata in ajiye shi? Mu takwas ne a gida har da ƙanina.

Abu Hanif:
Wa alaikumus salam. Ka sayi tankin roba na GeePee mai lita 5,000 guda biyu, ka ajiye a bayan gida kusa da kicin, ka sa falamba ya haɗa maka. Shi ke nan, ka huta da 'yan garuwa.

Maman Khalifa:
Baban Ummi, don Allah ka ajiye maganar tanki tukuna, ka ji tawa. Tanki ko bayan shekara biyar kana iya saye. Tsayin gida kuwa in an zuba kankare ya zubu ke nan.

Mu a Kinkinau muka yi gini, lokacin layinmu na ƙasa ne kamar naka. Dandamalin ƙofarmu ya fi hanya tsawo da kamar taƙi ɗaya, muna ganin mun tsira. Bayan shekaru aka zo aka yi titi, aka zuba ciko, aka ja kwata, titi ya tashi ya bar mu a rami. Yanzu in za ka shiga gidanmu sauka kake yi. Daren da ba na mantawa a watan Agusta ne, wajen ƙarfe biyu. Na sauko da ƙafa daga gado sai na ji ta cikin ruwa har idon sawu. Takalman yara suna yawo a falo, buhun shinkafa ya jiƙe daga ƙasa, muka ɗora katifa a kan teburin cin abinci, ni da maigida da babban yaronmu muna kwasa da bokiti da faranti har aka kira assalatu. Yau in ka zo ka duba bangon falo, daga ƙasa zuwa gwiwa fenti ya kumbura yana zuba, wani farin gishiri yana fitowa. Sau uku muna sake filasta. Wallahi da za a mayar da ni ranar da ake jan bulon fandisho, da na sayar da ɗan kunnena an ƙara layi biyu.

Baban Ummi:
Subhanallahi. Allah ya kiyaye gaba Hajiya. Gaskiya ban kawo maganar ɗaga titi a raina ba ko kaɗan.

Injiniya na Kawo:
Hajiya ta faɗi rabin abin da na zo faɗa. Bari in kawo lissafi, don shi zai raba gardamar tanki. Malam, nawa ne tsawo da faɗin rufinka har da bakin kwano?

Baban Ummi:
A takardar zane mita 15 ne da mita 10, ranka ya daɗe.

Injiniya na Kawo:
Madalla, murabba'in mita 150 ke nan. Inuwar rufin ake aunawa a ƙasa, ba a lissafa tudunsa. Ka riƙe ƙa'ida ɗaya: ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. Garin Kaduna yana samun wajen milimita 1,200 a shekara, wata shekarar ya haura, wata ya gaza. To 150 sau 1,200, lita 180,000. Ka cire kashi ɗaya cikin biyar na abin da zai fantsama da wanda za ka zubar da gangan, saura lita 144,000. Da jarkar lita 25, jarka 5,760 ke nan za ka iya tarawa daga kwanonka duk shekara.

Sai dai duk wannan ruwan a cikin wata shida zuwa bakwai yake zuwa, daga ƙarshen Afrilu zuwa Oktoba, mafi yawansa a Yuli, Agusta da Satumba. Tankin Abu Hanif mai lita 5,000 ruwan milimita 42 ya isa ya cika shi, wato ruwa ɗaya mai ƙarfi. Guda biyun su cika a ruwa biyu. Daga nan duk abin da ya sauka ambaliya ne, kuma dole ya bi wani wuri. A ɗaya ɓangaren, mutum takwas in kowa ya yi amfani da lita 50 a rana, wanka da wanki da girki da bayi, lita 400 ke nan. Lita 10,000 kwana 25 za ta yi muku. Daga Nuwamba zuwa Maris kwana 150 ne, kuna buƙatar lita 60,000. Saboda haka tanki biyu ba zai raba ka da 'yan garuwa a rani ba. Zai raba ka da su duk damina, ya ƙara maka ɗan lokaci bayanta. Kuma in ka ajiye su a bayan gida inda filin ya gangara, ka tattara ruwan rufinka gaba ɗaya ka kai shi wuri mafi muni a gidan.

Abu Hanif:
Injiniya ni dai nawa biyu ne kuma ina jin daɗinsu. Amma gaskiya maganar ambaliya haka take, a Agusta bayan gidana taɓo ne har gansakuka ta kama bangon kicin.

Alhaji na Malali:
Ni ban ga dalilin wannan wahala ba. Kuɗin tanki da bututu da falamba, a haɗa a ƙara a haƙa bohal, a sa sola, a manta da sama ta yi ruwa ko ba ta yi ba. Tara ruwan sama aikin kakanninmu ne da randa a ƙarƙashin indararo.

Injiniya na Kawo:
Alhaji, Allah ya ƙara arziki, bohal alheri ne ga wanda ya samu. Amma ƙasar Kaduna a kan dutse take zaune. Ruwan da muke samu yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama ne da tsagogin da ke ƙasa, shi ya sa za ka ga gida biyu katanga ɗaya, wannan bohal ɗinsa yana ambaliya, wancan sai an jira ya taru. Sannan ko ya haƙa ya dace, lita 180,000 ɗin nan ba za ta fasa sauka a rufinsa ba. Filin ƙafa 50 da 100 murabba'in mita 465 ne. Ranar da aka yi ruwan milimita 50, sama da lita 23,000 ce za ta sauka cikin katangarsa, wani lokaci a cikin awa ɗaya. Bohal ba ya fitar da ita.

Alhaji na Malali:
To wannan na yarda. Magudana dole ce. Tankin ne dai ban gamsu ba.

Maman Khalifa:
Alhaji ai ku ba ku wanki. Ruwan sama sabulu kaɗan yake ci, kumfa nan da nan, farin kaya ya fita tas. Ko don wannan ni ina bayan tanki.

Malam Birkila Rigasa:
Salamu alaikum. Shekarata 26 da cokalin gini a hannu, bari in sa baki. Baban Ummi, ka ce "kamar ya gangara". Ido yana ƙarya a fili, musamman in akwai tarin yashi da ciyawa. Ka samo siririn tiyo mai haske, wanda ake ganin ruwa a cikinsa, mai tsawo sosai. Ka cika shi da ruwa, ka tabbata babu kumfar iska a ciki. Ka kafa katako a bakin hanya, ka ja layi da fensir. Yaro ya riƙe baki ɗaya a jikin katakon yadda ruwan zai tsaya daidai kan layin, kai ka ɗauki ɗayan bakin ka zaga kusurwa huɗu na fili da kan bulon fandisho. Duk inda ruwan ya tsaya, daidai yake da layin nan. Sai ka sa tef ka auna daga nan zuwa ƙasa. Awa ɗaya ta ishe ka, kuma za ka san gaskiyar filinka da santimita.

Kada ka auna daga gefen hanya inda ruwa ya zaizaye. Daga tsakiyarta za ka auna, inda ya fi tudu. In akwai titin kwalta mafi kusa da ku, ka je ka duba yadda ya fi gidajen gefensa tsawo, haka naku zai zama ranar da aka zo yi. Ni duk wanda na yi wa aiki a sabuwar unguwa ba na yarda daɓen ɗaki ya gaza ƙafa biyu a kan hanya. Wasu suna jin haushi saboda kuɗin ciko, amma ba wanda ya taɓa dawowa ya ce na cuce shi.

Kuma cikon nan, kada a juye tifa a baje a zuba kankare washegari. A zuba kamar taƙi ɗaya, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, a sake zubawa. In ba haka ba shekara biyu tayil ya fara ƙara kamar ganga.

Baban Ummi:
Na gode Baba. Gobe Juma'a in an sauko masallaci zan je da ƙanina mu auna.

Ɗan Panteka:
Kafin ya dawo bari in yi nawa ɓangaren, aikina ke nan, haɗa magudanar bakin kwano. Kurakurai uku nake gani kullum. A sa ƙaramar magudana a dogon kwano mai santsi, ruwa ya taho da gudu ya tsallake ta. A kafa ta a miƙe babu gangara, ruwa ya kwanta, ƙasa ta taru, har ciyawa ta tsiro a sama. Sannan a yi rowar maƙalai, a sa su nesa da juna, ta cika ta lanƙwashe a tsakiya. Ka ba ta gangaren rabin santimita zuwa santimita 1 a kowace mita, maƙali kada ya wuce ƙafa biyu tsakani, bututun saukowa inci huɗu, kowane gefen rufi da nasa. A bakin bututun a sa raga saboda ganye da ƙadangaru.

Ruwan farko kuma ba a tara shi. Ana sa wani bututu a tsaye mai murfi a ƙasa kafin tanki, dattin farko ya cika shi, sannan mai kyau ya wuce. Mita biyu na inci huɗu ya wadatar.

Injiniya na Kawo:
Ɗan Panteka, duk na yarda sai na ƙarshen. Bututun inci huɗu lita 8 kawai yake ɗauka a mita ɗaya, mita biyu lita 16. Abin da aka saba shi ne a zubar da aƙalla lita 1 a kan kowane murabba'in mita na rufi, nasa lita 150 ke nan. Lita 16 ko ƙurar kusurwa ɗaya ba za ta wanke ba. Durom mai lita 200 ya kamata ya sa a madadin bututun, da ɗan famfo a gindinsa. In ya cika ruwa ya wuce tanki. Bayan an ɗauke ruwa a buɗe famfon a ba shuka ko a wanke tsakar gida, ya zauna babu komai yana jiran na gaba.

Ɗan Panteka:
Injiniya, a takarda haka ne. Amma wa zai riƙa tunawa ya zubar da durom kullum? Na sa wa mutane, na dawo bayan shekara na tarar da shi cike tun ruwan farko, ya zama gidan sauro. Gara ƙarami da za a kula da shi.

Injiniya na Kawo:
Wannan gaskiya ce, na gani ni ma. To a huda ɗan ƙaramin rami a gindin, a sa siririn tiyo zuwa gindin bishiya, ya riƙa tsiyayewa da kansa cikin kwana ɗaya. Sai dai a riƙa zura waya a ramin saboda laka.

Ɗan Panteka:
Haka ya yi. Kuma ruwa biyu ko uku na farkon damina a cire bututun daga tanki gaba ɗaya. Ƙurar hunturu ta wata biyar, kashin tsuntsu da na jemage, babu durom ɗin da zai iya da su. Ka tara ruwan farko a farin bokiti ka gani, ja ne kamar shayi.

Anti Nas:
Ni ta fannin lafiya zan yi magana. Mutanenmu suna cewa ruwan sama daga Allah yake, tsarkakakke ne. Haka ne, amma ta kan kwano ya biyo. A yi wanka da wanki da alwala da shi babu damuwa. Na sha kuwa a tafasa, ko a sa maganin kulorin irin su WaterGuard yadda aka rubuta a jikin kwalba, musamman in akwai jarirai. Tanki ya zama baƙi ko mai duhu, don in rana tana ratsa shi gansakuka za ta fito. Murfi ya rufu ruf. Duk wata ƙofa, ta shiga da ta fitar ambaliya, a ɗaure mata ragar sauro, domin sauro daga ƙwai zuwa mai cizo kwana bakwai zuwa goma ne kawai. Kuma a wanke tankin sau ɗaya a shekara, a ƙarshen rani lokacin da ya kusa ƙarewa.

Wata dabara: in kun ware tanki ɗaya don sha da girki kaɗai, lita 10 ga kowane mutum, ku takwas lita 80 a rana, lita 5,000 za ta kai ku wata biyu. A cika shi a ruwan ƙarshen Satumba lokacin da rufi ya wanku sarai, a sa masa kwaɗo.

Baban Ummi:
Jama'a na dawo, mun auna. Daga tsakiyar hanya, bakin get ɗina ya yi ƙasa da santimita 5 kacal. Amma kusurwar baya ta hagu ta yi ƙasa da santimita 45, ta dama 35. Kan bulon fandisho kuma santimita 10 kawai ya fi hanya. Jikina ya yi sanyi. Da na zuba jaman fulo a haka, da labarin Hajiya ne zai maimaita kansa.

Malam Birkila Rigasa:
Alhamdu lillahi da ka auna. Ka ƙara layi biyu, kowane layi da siminti wajen santimita 25 ne, ka tashi a 60, kankare ya ƙara maka. A shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba, ita ce ke hana danshi hawowa. Bulon da ke cikin ƙasa a cika ramukansa da kankare.

Abu Hanif:
To ya cike bayan gidan ma mana, ya ɗaga shi ya fi gaba, ruwa ya gangaro titi.

Injiniya na Kawo:
Mu lissafa. Tsawon filin wajen mita 30 ne. Ruwa yana son gangaren santimita 1 a kowace mita, 30 ke nan. Ga ramin 45, ga kuma abin da zai ɗaga bakin get saboda titin gobe. Cikon bayan zai doshi mita guda. Tifa nawa ke nan? Kuma wannan ƙasar duk a jikin katangar maƙwabci za ta jingina, katangar da aka yi da bulon inci shida ba don ta tare ƙasa ba. In ta sha ruwa a Agusta za ta tura ta.

Ga abin da nake gani, kuma shi ne zuciyar maganar. Ruwan rufi a sama yake, mita uku daga ƙasa. Kyauta aka ɗaga maka shi. Kada ka bari ya taɓa ƙasa a bayan gida. Ka karkata magudanan biyu su gangaro gaba, tanki ya zauna a gaba ta gefen get, bututun ambaliyarsa ya yi kauri ɗaya da na shiga, ya fita ta ƙarƙashin katanga zuwa hanya. Farfajiyar gaba a ɗaga ta, ta kalli titi. Da wannan kaɗai ka raba bayan gida da kashi biyu cikin uku na ruwan filin ko fiye. Abin da ya rage wa bayan shi ne wanda ya sauka a kansa, wajen murabba'in mita 100, kuma wannan ƙasa za ta iya shanye mafi yawansa in ba ka rufe ta da siminti ba.

Gindin tanki kuma a zuba masa kankare mai rodi a kan ƙasa mai ƙarfi. Lita 1 kilo 1 ce, tankin 5,000 tan biyar ne. In ka ɗaga dandamalin kamar ƙafa biyu, bokiti zai shiga ƙarƙashin famfo ba sai da inji ba.

Maman Khalifa:
Injiniya, a nan zan saɓa maka. Ka ce kada a yi siminti a baya. Bayan gida nan ne wurin mata, nan ake wanke-wanke, nan ake shanya, nan ake hura gawayi. Wata shida mace tana tsoma ƙafa a taɓo, yara suna kwaso shi zuwa ɗaka? Ku tambayi Maman Ummi kafin ku yanke.

Baban Ummi:
Hajiya kamar kin ji ta. Jiya da na karanta mata ta ce ita dai ba ta yarda da jar ƙasa a ƙofar kicin ba.

Malam Birkila Rigasa:
Duka biyun suna da gaskiya, kuma ana haɗawa. A zagaye ginin da daɓen kankare faɗin mita ɗaya, ya karkata waje, don ruwa kada ya kwanta a gindin bango. Ƙofar kicin a faɗaɗa shi ya zama wurin wanke-wanke. Wurin shanya a sa intalok a kan yashi, kada a zuba siminti a ƙarƙashinsa, ruwa yana bi ta tsakaninsa. Sauran can wajen katanga a bar shi lambu, a sa zogale, gwanda, ayaba. Ayaba tana son ruwa. Mangwaro da darbejiya dai a nisanta su da gini da bututu saboda saiwa.

Ɗan Rigachikun:
Ni mahaifina bututun indararo ya zura kai tsaye cikin rijiya, kuma rijiyarmu ba ta ƙafewa. Me zai hana ya haƙa rijiya a bayan, ya juye komai a ciki? Ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Anti Nas:
Don Allah a'a. Duk abin da ke kan kwano ka kai shi cikin ruwan da kai da maƙwabta kuke sha, babu ƙasar da ta tace shi. Kuma kafin ya haƙa rijiya a baya ya leƙa ya ga ina sokawen maƙwabcinsa yake. A filayen nan namu na 50 da 100, sau da yawa rijiyar wani tana bayan masan wani, katanga ce kawai a tsakani. Mita 15 shi ne mafi ƙarancin tazara, 30 ta fi kwanciyar hankali, kuma rijiya ta kasance ta saman gangare.

Injiniya na Kawo:
Niyyar mahaifinka mai kyau ce, mayar da ruwa cikin ƙasa. Hanyar da ta fi aminci ita ce ramin tsotse. A haƙa rami a wuri mafi gangare, a cika da manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa a tsakiya, yashi mai kauri a sama. Ruwa ya taru a ciki ya nutse a hankali, ƙasa ta tace shi kafin ya kai ga rijiya. Abu biyu a kiyaye. Ya nisanci fandisho da mita 5. Sannan ramin da aka cika da dutse kashi ɗaya cikin uku na girmansa kawai yake ɗaukar ruwa: mita 2 da mita 2, zurfin mita ɗaya da rabi, wajen lita 2,000 ke nan. Kafin ka kashe kuɗi, ka haƙa ɗan rami mai zurfin ƙugu a wurin, ka cika shi da ruwa sau biyu a jere. In na biyun ya shanye cikin yini, ƙasar tana sha. In ka dawo washegari ka tarar da shi, yumɓu ne ko dutse yana kusa, sai a sake shawara.

Kuma kada falamba ya haɗa ruwan sama da sokawen bayi don ya rage bututu. Ruwa ɗaya zai cika shi, ƙazanta ta dawo ta cikin bayi.

Alhaji na Malali:
In dai sai an tara, me ya sa ba zai gina na ƙasa ba? Mita 3 da 3, zurfi biyu da rabi, lita 22,500 ke nan, ya fi roba huɗu.

Malam Birkila Rigasa:
Ana yi Alhaji, na gina da hannuna. Amma aiki ne da ba ya son rowa: bulon inci tara cike da kankare da rodi, filasta biyu da maganin hana yoyo. In ya tsage a ƙasa ba ka gani, sai dai ruwa ya riƙa raguwa, ko na waje ya riƙa shigowa. A wurin da ruwan ƙasa ke tasowa da damina, in an bar shi babu komai yana iya tsagewa. Ga murfi, dole mai nauyi da kwaɗo saboda yara. Mai gini da albashi ya fara da roba ɗaya, ya bar wurin na ƙasan a zane, in hali ya samu ya yi.

Malam na Tudun Wada:
Ina ta bibiya ban ce komai ba. Akwai mutum ɗaya da ake ta ambato ba a nemi jin ta bakinsa ba, shi ne maƙwabcin baya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta babu cutarwa. Kafin a yi katanga, ruwan filin nan ta wajensa yake bi. Yanzu in ramin tsotse ya cika a ranar babban ruwa, katangarsa ce za ta tare. Baban Ummi, ka je ka same shi da sallama tun ba a fara ruwa ba, ka nuna masa awon da ka yi, ku yi shawara. Wataƙila ya yarda a ratsa bututu ɗaya ta gefen gidansa zuwa layin baya, kai ka ɗauki kuɗin aikin. Kada ka huda katangar mutum da dare, na sha zaman sulhu a kan wannan. Haka ruwan da za ka fitar gaba, ku haɗu da mutanen layi ku ja ko da ƙaramar kwata ce zuwa inda ruwa ke bi tun asali, kada ya fita daga get ɗinka ya shiga na wanda ke ƙasa da kai.

Hajiya ta Kigo Road:
Allah ya saka, Malam. Mu da muka ga ambaliyar 2003 lokacin da Kogin Kaduna ya shigo unguwa, mun san ruwa ba ya manta hanyarsa. Tunda can ɓangaren naku ma kogin ba shi da nisa, ka tambayi manoman da suka riga ku zama a wurin inda ruwa yake kaiwa a shekarar da ya yi yawa. Kuma takardar izinin gini ta KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, ta kasance a hannunka kafin ka yi nisa.

Baban Ummi:
Takarda tana hannu Hajiya, alhamdu lillahi. Ga inda aka kwana. Jiya bayan la'asar na je wurin maƙwabcin, dattijo ne, ya karɓe ni hannu biyu. Ashe shi ma abin yana damunsa, ya nuna mini inda katangar ta fara tsagewa daga ƙasa tun daminar bara. Ya yarda a bi da bututun inci huɗu ta lungun gidansa, da sharaɗin ruwan sama kaɗai, ban da na wanke-wanke. Sokawensa yana mita 4 ne daga katangata, don haka maganar rijiya a baya ta mutu. Ramin gwaji na haƙa, na biyun ya shanye tsakanin hantsi da magariba. Na sayi bulo na ƙarin layi biyu, tanki kuma ɗaya zan fara da shi in an yi rufi. Abin da ya rage, kafinta ya ce zanen rufin mai fuska huɗu ne, ruwa zai zuba ta kowane gefe har da baya. Shin a canza shi ne tun ba a sayi katako ba?

Ɗan Panteka:
Ba sai ka canza ba. Magudana za ta zagaye shi, ta bayan a raba ta biyu daga tsakiya, rabi ya bi dama rabi ya bi hagu, su taho gaba. Sai dai ta gefen mita 15 ce, da gangaren rabin santimita za ta sauka wajen santimita 8, don haka ka ce wa kafinta ya sa katakon fuska mai faɗi, inci goma ko sha biyu, don ta samu wurin zama.

Malam Birkila Rigasa:
Kuma kafin a yi cikon farfajiya a binne bututun ambaliya da na lungun maƙwabci, kada a zo ana fasa daɓe daga baya. Asabar ina da aiki a Danbushiya, in na tashi zan biyo da tiyona mu sa alamar kowane bututu a jikin katanga. Ka tanadi jan fenti da igiya, ka turo mini kwatancen ta akwatin sirri.